Gwiwar Yaya da Basillar Surukinsa

Har yau idan na ji ƙaurin ƙarfe a wuta sai in tuno gwiwar Yaya. Yayana tela ne a kasuwar Shagari, da ƙafa yake taka keke, da ita yake ciyar da mu. A shekarun tsuke bakin aljihu, bayan sojoji sun ture farar hula, gwiwarsa ta kumbura. Surukinsa, wani tsohon wanzami daga Mandera, ya gasa basilla ya yi masa sakiya a gabana. Abu ya ƙara lalacewa, ga zazzaɓi.

Muka ɗauki mota daga Shagari ta Bodinga zuwa Sakkwato, wurin wani likita da ya samo sabuwar na'urar leƙa cikin jiki. Tsohon ya liƙe mana, wai rakiya.

Likita ya shafa wani abu mai yauƙi, ya goga kan na'urar a gwiwar, sannan ya gwada a mai lafiyar. Ya nuna mana wani baƙi a allon, ya ce ruwa ne ya taru, amma na'ura ba ta faɗin ko ruwan sanyi ne ko mugunya. Ya taɓa wurin, ya ji zafi rau, ya ga ɓawon miki.

"An taɓa huda nan?"

Yaya ya saci kallon surukinsa, ya sunkuyar da kai. "A'a, ƙurji na."

Kunyar suruki! Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Na ce, "Likita, sakiya Baba yai mai."

Likita ya ce to lallai mugunya ce, sai an zuƙe ta da allura a yau an kwantar da shi, in ba haka ba za ta cinye gaɓar.

Tsohon ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Allura cikin gaɓa? Wa at taɓa jin wanga? Tashi mu tai gida."

Mutumin da ya cusa jan ƙarfe shi ke tsoron allura. Na yi kuka, na yi rantsuwa, Yaya ya ɗingisa ya bi shi. Wallahi ban san wanda ya fi ba ni takaici a cikinsu ba.

Mikin ya fashe da kansa, wari ya hana mu cin tuwo. Da ya warke, gwiwar ta sandare kamar taɓarya, aka sayar da keken.

Da salla Yaya ya je gaisuwa Mandera, ya gaida surukinsa a tsaye tunda ƙafa ba ta lanƙwasuwa. Tsohon ya aiko har gida, wai yaran zamani ba su da ladabi, ko durƙusawa ba sa yi.