Saƙon Hajiya a sifikar shago

Jama'a, yau kaf layin masu waya na kasuwar Garuwa sun san ciwona!

Jiya na sayi ekuter, abin sauraron nan na kunne mara igiya, a shagon Sale. Na kai gida, ko tari bai yi ba. Da safe na koma a fusace.

Ya ce, "Patron, jiya fa lafiya lau muka gwada."

Na ce, "To tsaya ka gani!" Na toshe kunnuwana da shi, na kunna saƙon muryar da Hajiyarmu ta turo daga Banyo. Shiru. Na ƙure ƙarar. Shiru! Na sake kunnawa ina ta masifa.

Sai ga wani ɗan acaɓa ya leƙo, yana dariya har da hawaye. "Don Allah wane ne Autan Hajiya a nan?"

Ashe ƙatuwar sifikar tallar da ke ƙofar shago wayata ta kama ta bulutut, wadda na gwada jiya. Ina cire ekuter na ji muryar Hajiya ta cika titi: "Autana, kana shan maganin basir ɗin? Safe da yamma fa. Kuma ban da yaji!"

Sale ya saita min abin, kafaɗunsa sai rawa suke. "Allah ya ƙara sauƙi, patron."

Na fito kaina a ƙasa, na tsaya wurin mai tsire in huce. Na ce ya zuba yaji.

Ya girgiza kai. "A'a, Auta. Hajiya ta hana."