Ƙullin Gidan Bahago

Labaran marini ne a wani karofi kusa da Ƙofar Jatau. A nan ubansa ya yi rini, a nan shi ma ya yi furfura. Ko wanda bai san shi ba yakan gane sana'arsa daga nesa, don hannuwansa shuɗi ne har gwiwar hannu, ba ya fita ko ranar Sallah. Bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba aka miƙa masa muciyar motsa rami. Ba shi da yawan magana, ba shi da gaggawa.

Haɗa ganyen baba da toka kowane marini ya iya. Inda aikin yake da wuya shi ne duk abin da ya shiga rami launi ɗaya yake fitowa. Zanen wannan gida da rigar wancan, in sun sha shuni aka shanya su, sai ka rantse hannu ɗaya ya saƙa su. Tawada ba ta tsira a rami, zare mai launi ma shuɗi yake komawa. Saboda haka Labaran da ƙulli yake aiki. Kowane gida yana da nasa, ana ɗaura shi da zare mai kauri a gefen kaya. Ƙullin farko yana faɗin inda mai kaya ya fito, ko cikin gari, ko Wusasa, ko ƙauyukan bayan Kufena. Na biye da shi su ke faɗin gidan. In ana son kaya su yi baƙi ƙirin, sai a bar wa zaren jela mai tsawo.

A rumfarsa akwai gora guda a gicciye, a jikinta ya rataye samfurin ƙullin kowane gida, na shiyya ɗaya a jere wuri ɗaya. Kayan da suka dawo daga wajen mabugi ma a haka yake tara su. In mutum ya zo, Labaran ba ya tona tari. Ya bi gora da yatsa, ya je inda kayan suke, ya shafa gefensu, ya miƙo. Doka ɗaya ya gada daga ubansa, kuma bai taɓa karya ta ba: ƙulli ɗaya ba ya zama na gida biyu. Sabon mai kawo kaya sai ya jira an duba gora kaf, an tabbata ba wanda yake da irin wanda za a ba shi.

Cikin gidajen bayan Kufena akwai na wani manomi, Bahago, wanda ya daɗe yana kawo kaya. Ya rasu da damina, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Labaran ya je ta'aziyya, ya gaisa da 'ya'yansa biyu, Inuwa babba da ƙaninsa Yakubu, ya dawo. Kaya suka ci gaba da zuwa da ƙullin Bahago, wani lokaci a hannun wannan, wani lokaci a hannun wancan. Bai ga abin tambaya ba.

Da rani ya yi, Sailuba matar Yakubu ta kawo zane da kanta. Ita ta kaɗa zaren, siriri ƙwarai, rani biyu tana kai, ta ba masaƙi. Da take miƙawa ta ce idanunta sun fara hazo, ba ta jin za ta sake kaɗa irinsa. Ta ɗaura ƙullin gidan, ta bar masa doguwar jela.

Bayan an gama rini da bugu, Inuwa ya biyo a kan keke ya ce ya zo ɗaukar kayan gida. Labaran ya haɗa duk abin da ke da ƙullin Bahago, riguna biyu da zanen, ya ɗaure masa a bayan keke.

Ranar kasuwa ta gaba sai ga Sailuba da mijinta. Ta durƙusa ta gaida shi.

"Baba, na zo karɓar zanena."

"Ai ya tafi gida. Inuwa ya ɗauka."

Yakubu ya cire hula ya mayar. "Wane gidan?"

"Gidanku mana."

"Malam, ai gidan ya zama biyu tun bayan kaka. Mun raba gandu, an ja danga a tsakar gida. Ko gaisuwa ba ma yi."

Labaran ya ce, "To, ni wa ya gaya mini?"

Sailuba ta ce, "Wa zai zo karofi yana tallan abin kunyar gidansu, Baba?"

Labaran ya juya wajen rumfa. Ya dubi igiyar Bahago a jikin gora. Shi a saninsa bai ba gida biyu ƙulli ɗaya ba. Gidan ne ya rabu bai sani ba, kuma kowane ɓangare yana ɗaura na uban.

Washegari da hantsi ya rufe ramukansa ya kama hanyar ƙauyen a ƙafa. Ya sami Inuwa a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka kawo ruwa, sannan Labaran ya faɗi abin da ya kawo shi.

Inuwa ya ce, "Zanen yana nan, ko warware shi ba a yi ba. Ni ba ɓarawo ba ne. Amma ƙullin wa ke jikinsa?"

"Na Bahago."

"To wa ke zaune a zauren Bahago? Duk abin da ya zo da ƙullin Baba, ta hannuna zai bi. In yaron nan yana so, ya zo ya yi sallama ya roƙa."

Labaran ya zagaya ta bayan danga ya gaya wa Yakubu. Yakubu ya ce ba zai roƙi kayan matarsa ba, shi ma ɗan Bahago ne, ba tsinto shi aka yi ba. Labaran ya ce to bari ya ba shi sabon ƙulli, a bar wa Inuwa tsohon, a huta.

"Sabo? Wato ni ne baƙon? A ba shi sabon mana, tunda shi ne mai son sabon abu."

Labaran ya koma zaure, ya sake dawowa. Rana ta take, ba wanda ya motsa daga inda yake. Inuwa ya ce zai saki zanen in aka bar masa ƙullin shi kaɗai. Yakubu ya ce gara zanen ya ruɓe a can.

Sailuba tana bakin ɗaki tana jin su. Ta ce, "Baba, ni fa ban gaji kowa a gidan nan ba. Ni na kaɗa zarena. Ba a ba mace ƙulli ne?"

Labaran ya juyo ya dube ta. A gorarsa duk igiyoyin na gidaje ne, da sunan maigida ake kiransu, haka ya tarar. Amma da ya bi dokar ubansa a ransa, bai ga inda ta hana ba.

"Ana bayarwa," in ji shi, "in ba wanda yake da irinsa."

Mijinta ya ce, "Ke, da wa kika yi shawara?"

"Da idanuna, maigida."

Labaran ya nemi zare, ya zauna a kan turmi ya ƙulla: na bayan Kufena da farko, sannan wani jeri da ya tabbata babu shi a gora. Ya kai zaure ya ce wa Inuwa ƙullin Bahago nasa ne, ba mai sake ɗaura shi a ƙetaren danga. Inuwa ya sa aka fito da zanen. A gabansa Labaran ya kwance tsohon zaren, ya ɗaura sabon, ya naɗe zanen ya zagaya da shi da hannunsa.

Sailuba ta karɓa, ta buɗe shi a rana, ta kawo shi kusa da fuskarta tana duban saƙar. Ta ce ya yi baƙi yadda take so.

Yakubu bai yi wa Labaran rakiya ba, kuma bai sake kawo kayansa karofin ba, ya koma wajen wani marini. Sailuba kuwa takan aiko da ɗan abin da ya samu, da ƙullinta. Daga baya wasu matan ƙauyen suka ji, su ma suka nemi nasu, har sai da Labaran ya ƙara gora ta biyu.

Ya ci gaba da rini har zuwa lokacin da yadin kanti ya yi yawa, ramukan maƙwabtansa suka fara bushewa. Abu ɗaya ya ƙara a aikinsa. Duk wanda ya zo karɓar kaya, bayan an tambayi gajiya da iyali, sai Labaran ya ce, "Har yanzu tukunya ɗaya kuke ci?" Wasu su yi dariya, wasu su ɓata rai. Shi dai ba ya miƙa kaya sai an amsa masa.