Teburin Bakin Ƙofa

A shekarar 2012 ina aiki a laburaren wata kwaleji mai zaman kanta a Al Qusais, wata unguwa a ƙasar Larabawa ta bakin teku. Da Fabrairu ya kama, ɗalibai 'yan Afirka suka roƙe ni in ware teburi guda don tarihin baƙar fata. Na jera littattafai a bakin ƙofa: daulolin Mali da Songhai, gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, da wani siriri mai koren bango a kan bayin da aka kwaso daga gabashin Afirka, aka sa su nutso neman lu'ulu'u a wannan tekun.

Lokacin boren ƙasashen Larabawa bai lafa ba, kowa na kaffa-kaffa da bakinsa. Mai gadinmu, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, ta leƙa teburin ta ce, "'Yata, cire koren nan. Nan ba gida ba ne."

Ban cire ba.

Sai wani baƙin mutum mai farar kandura, doguwar rigar 'yan ƙasar, ya fara zuwa, shi ba ɗalibi ba, ba malami ba. Yakan buɗe koren littafin, amma a ganina idonsa na kan masu tsayawa a teburin. In yana nan, sai in daina hira da ɗalibai. Wata rana ya tambaye ni da Larabci wa ya zaɓi littattafan. Na ce ni ce. Ya gyaɗa kai ya fita.

A makon ne shugaban laburare ya kira ni ofis, ya zuba mini shayi yana murmushi. Wai an bugo waya daga sama, an yaba, sai dai a mayar da sunan teburin "Al'adun Duniya", a ƙara littattafan girki. Na tambayi wa ya bugo.

"Khalas, a bar maganar, 'yar'uwa," ya ce. "Bizarki a hannun makarantar nan take."

Da na fito, koren littafin ba ya nan. Kwamfuta ta nuna ba wanda ya ara. Mai gadi ta ce ba ta ga komai ba, tana ta gyara ɗankwali, ta ƙi kallona. Na zargi shugaba, na zargi mai kandura, ita ma ban bar ta ba, ko ta ɓoye shi ne don ta kare ni.

Mutumin ya sake zuwa sau ɗaya. Ya daɗe a tsaye gaban littattafan girki, sannan ya ce a hankali, "Ina wancan?"

Na ce an ara. Ban san ko gwada ni yake ba, ko kuwa nemansa yake da gaske. Kafin zangon karatu ya ƙare aka ɗauke ni daga laburaren, aka mayar da ni ofishin rajistar ɗalibai.