Matar da Ta Koya wa 'Yan Tsana Ɓata Rai

A makarantar kurame ba a kaɗa ƙararrawa, fitila ake kunnawa a kashe. Kafin a taɓa fitilar nan kuwa Anti Tabarau ta riga ta buɗe ɗakinta. Ɗakin ajiya ne a da, har yau akwai karyayyun kujeru a lungu. Sai ta goge tebur, ta shimfiɗa farin kwali, ta zazzage gwangwanin 'yan tsanarta, 'yan mutanen roban nan na wasan gini masu kai kamar murfin kwalba. Ta tsayar da ɗaya, ta karkato fitilar tebur, ta ɗauke shi hoto da waya, ta tura cikin tsohuwar kwamfutar da sai an lallaɓa take tashi.

Ba malama ba ce, buga takardun jarrabawa aka ɗauke ta yi. Amma ta lura yara suna koyon maganar hannu, iyayensu kuwa ko "sannu" ba su iya ba. An buɗe wa iyayen aji, suka ƙi zuwa, wai da girmansu. Shi ne ta fara yin hotunan da za a kai gida. Ɗan tsana ba shi da yatsu, hannunsa lanƙwasasshe ne kawai. Sai ta ɗauki hoton hannun malami yana alama, ta yanko shi a kwamfuta, ta rage girmansa, ta rina shi kalar roba, ta dasa wa ɗan tsana, ta gyara inuwa har sai ka rantse da yatsun aka ƙera shi. Ta sa masa kasuwa a baya, ko kicin, ko tasha. Yara suka riƙa rububin hotunan, iyaye suka manna a bango suna satar koyo.

Wata safiya wani direban tirela, mahaifin wata ɗaliba, ya faɗo ɗakin ko sallama babu. Yana kan hanya kyanwar 'yarsa ta mutu. Ya dawo ya tarar tana kuka, ya tuna hoton "yi haƙuri" da ke manne a motarsa, ya yi mata alamar.

"Anti, yadda ɗan robanki ya yi, haka na yi. Har murmushin ban bari ba. Yarinya ta dube ni ta juya wa bango fuska. Tun ranar, in na shigo sai ta runtse ido."

Wanda bai zauna da kurame ba ba zai san nauyin wannan ba. Mai ji ko ya juya baya, magana tana cim masa. Kurma kuwa in ya rufe ido ya rufe komai. Kuma a maganar hannu fuska rabin zance ce, su kuwa 'yan tsana da murmushinsu aka ƙero su. Bawan Allah ya ba 'yarsa haƙuri yana washe baki, ta ɗauka dariya yake mata.

Abin ya yi wa Anti ciwo ƙwarai. Shugaban makaranta ya ce a rubuta gargaɗi a ƙasan kowane hoto.

"Ranka ya daɗe, mai kwaikwayon hoto fuska yake kallo, ba rubutu ba. Fuskokin zan sake, dukansu."

"Da wannan hannun naki?"

Yana da gaskiya. Hannunta na dama ya fara rawa, likita ya ce ta huta, ritaya ma ta ƙarato. Ta ce atafau. Malamai sun ga yadda take danne wuyan hannun dama da na hagu, ta ja linzamin kwamfuta a hankali, ta goge murmushi, ta zana gira, layi ya kauce, ta goge ta sake. Ɗalibai ta naɗa alƙalai, su kuwa ba su san kara ba: in fuska ta yi ƙarya sai su girgiza kai su wuce.

Da na direba ta fara. Ta sa wa ɗan tsana hula irin tasa, ta durƙusar da shi gaban wata 'yar ƙarama, ta saukar masa da gira, ta rufe masa baki. Sannan ta kira direban ta tsayar da shi gaban madubi.

"Baban yarinya, kukanta ya ɓata maka rai ko bai ɓata ba?"

"Wallahi ya ɓata."

"To bar shi ya fito. Ɗan roba ma ya iya, balle kai."

Matarsa ce ta kawo mana sauran labarin. Ya shiga, yarinya ta runtse ido, ya durƙusa ya saka mata hoton a tafin hannu. Ta daɗe kafin ta leƙa. Da ta sauke hoton sai ga fuskar babanta a bayansa, iri ɗaya sak, har da hawayen da ba a zana ba. Ta zuba masa ido, sannan ta kama yatsun da yake yi mata alamar haƙuri da su, ta miƙar da ɗaya da ya karkace.

Anti, ke ce kika ga iyaye sun kasa magana da 'ya'yan cikinsu kika ƙi cewa ba aikinki ba ne. Ke ce kika gano kuskure a aikinki kika ƙi rufe shi da rubutu. A watan nan za ki ajiye aiki, kuma ba ki bar fuska ko ɗaya tana murmushin da bai dace ba. Mun gode, Allah ya ba hannun nan lafiya.

Ku kuma masu waya da kwamfuta, da kuka iya gyara hoto ku goge wa kanku ƙuraje, ɗakin nan yana neman magaji. Ku zo ta koya muku tun tana kusa.

Ga saƙo kuma daga 'yar direba, ta ce a gaya miki: babanta ya fara yi mata faɗa da maganar hannu, kuma yanzu tana gane cewa faɗa ne.