Takardar da Baba Ya Riƙe a Juye

Jiya na buɗe gafakar mahaifina, ƙamshin tsohuwar fata da tawada ya mayar da ni shekarun yaƙin basasa. A cikinta yake adana waƙoƙin magabata da labarin mawaƙansu, duk da ajami. Ba ya rera baiti sai ya fara yi wa mai shi addu'a.

Da labari ya iso Gwammaja cewa mijina ya rasu a bakin daga, kwana uku na yi ko ɗigon hawaye babu. Baba ya shigo ɗakin da nake takaba, ya zaro takarda, ya soma rera marsiyyar da wani mawaƙi ya yi wa ɗansa. Muryarsa ta cika ɗakin, baiti na bin baiti, har na fashe da kuka. Da na matsa kusa da shi, sai na ga takardar a juye take.

"Baba, ba ka gani?"

"Tun bara, 'yata. Ladabi ne ya sa na riƙe ta."

Allah ya haskaka masa kabari kamar yadda ya haskaka masa ƙirji.