Enid Ollerenshaw, Mai Tsaron Kurmin Thornhagg

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da hantsi, Gillian ta ƙwanƙwasa min ƙofa ta ce mahaifiyarta ta cika a asibiti. Enid Ollerenshaw, maƙwabciyata kuma aminiyata, kin tafi kina da shekara tamanin da ɗaya. Likita ya ce ciwon huhu ne. Ni dai na san inda kika ɗauko shi, na kuma san waɗanda suka ja miki.

Kurmin Thornhagg ɗan ƙarami ne, mai sauri zai ratsa shi kafin shayinsa ya huce. Amma ya girmi kowane gida a unguwar nan, ya girmi cocinmu, ya girmi titin Sheffield. Ke kika nuna min ramukan da masu ƙona gawayi suka bari tun zamanin da ake narka ƙarfe da itace, kika ce har da kakanninki a cikin masu aikin. Ke kika faɗa min cewa shuɗɗan furannin nan da ke rufe ƙasa a watan Afrilu ba sa yin yawa haka sai inda garma ba ta taɓa shiga ba. Kin san kogon mujiya, kin san bishiyar da jemagu ke haihuwa a cikinta, kin san ramin dage, dabbar nan mai haƙa ƙasa, da ke ƙarƙashin gangare. Duk sanyin duniya, ba a rasa bushiya mai rauni cikin kwali a kicin ɗinki.

Ba zan ce kina da sanyin baki ba, don za ki tashi ki ƙaryata ni. Da mijina Walter ya rasu na kulle kaina a gida, kowa ya zo da lallashi. Ke kuwa takalman roba kika jefo min, kika ce, "Tashi, Hilda, zaman nan ba zai dawo da shi ba. Zo ki riƙe min buhu." Haka muka yini muna tsince kwalaben da 'yan iska suka zubar a rafin kurmi. A can na ji yunwa karo na farko bayan makonni.

Sai ga kamfanin gine-gine yana son yanka hanya ta gefen gabas na kurmin. Clive Hardcastle, shugaban ƙungiyar mazauna unguwa, shi ya zama bakinsu. A taro ya dube ki yana murmushi ya ce, "Haba Mama, bishiyoyi ne fa kawai. Za a dasa miki sababbi, har da benci mai sunanki."

Kika ce, "Clive, na san ka tun kana jiƙa wando a gindin bishiyoyin nan. Dasa min guda mai shekara ɗari huɗu, sai in zauna a bencinka."

Aka yi dariya, sannan aka ɗaga hannu aka goyi bayansa.

Cikin Disamba masu zarto suka iso, alhali maganar kurmin tana gaban kotu. Kika jingina bayanki da babbar bishiyar bakin hanya, ruwa da ƙanƙara suna zuba, tun safe har la'asar. Ni da ƙaninki Arnold kaɗai muka tsaya tare da ke. Sauran maƙwabta, waɗanda kika yi wa renon 'ya'ya, suna bayan labule suna leƙe. Wata har hoto ta ɗauka don ta ba ƙawayenta dariya. Da aka ɗauke ki daga wurin, jikinki yana karkarwa, ba ki daina zagin masu zarton ba. Kafin umarnin kotu ya tsayar da aikin, gefen gabas ya riga ya kwanta, motar haƙa ta murƙushe ramin dagen. Tari ya kama ki tun kafin Kirsimeti, bai sake ki ba.

Ranar jana'izarki sai ga Clive da furanni cike da hannu. Ya hau mumbarin coci ya fara kiran ki uwar unguwa, yana matse ido. Arnold ya miƙe da sandarsa ya ce, "Sauko, Clive, kafin in sauko da kai." Ya sauko kuwa. 'Yan leƙe ta labule suka sunkuyar da kai. Ban ji tausayin ko ɗaya daga cikinsu ba, har yau ban ji ba.

Wata mai zuwa za a koma kotu a kan abin da ya rage na kurmin. Zan je, Arnold zai je, Gillian ta ce ita za ta yi magana a madadinki.

Allah ya jiƙan ki, Enid, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutun da mutanen unguwar nan suka hana ki. Gillian, Arnold, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya. Su kuwa waɗanda suka bar tsohuwa cikin ƙanƙara, su riƙe gaisuwarsu, ba mu karɓa ba.