In Ɗauke Ki?

Ga ta can a bakin tashar da ke gindin dutse. Za ta haura shekara hamsin, takalminta ya ci hanya, jakarta na zaune a bayanta daidai inda goyo kan zauna. Ita kaɗai take tafe da ƙafa, kuma yadda rana ta dafa mata wuya ya nuna ba yau ta fito ba.

Tana jingina wayarta da wani dutse, ta ja baya da sauri, ta yi murmushi. Wayar na yin ƙyas, murmushin ya ɗauke kamar wutar lantarki. Ta tura wa wasu hoton, ta tsaya tana kallon wayar. Shiru. Ina jin 'ya'yanta ne, don irin wannan jiran uwa ce kawai ke yin sa.

Wani direba ya leƙo ta taga. "Mama, in ɗauke ki?"

"A mota ko a hoto?"

"Duk wanda kike so."

"Bar shi, ɗana. Waɗanda na ɗauka a gadon bayan nan ma ba su ɗauke ni a bakin komai ba."

Ta gyara jakar kamar mai gyara goyo, ta kama hanya.